Littafin da Ya Gasa Doya

Wuta ta riga ta cinye shafukan littafin ta kama bangonsa lokacin da Kalolaine, wadda ake kira Kalo, ta iso a guje bakin umu, ramin da ake gasa abinci a kan duwatsu masu zafi, ƙafa ba takalmi. Ta zura hannu ta fizgo shi daga ƙarƙashin ɓawon kwakwa, zafi ya lashe mata yatsu, ta yar da shi ƙasa ta shiga tattakawa. Da hayaƙi ya lafa, abin da ya rage a gabanta murɗaɗɗiyar wayar nan ce mai riƙe shafuka, sai toka.

Kawunta Penisimani yana tsugune a ɗaya gefen ramin, mafici a hannu, yana kallonta kamar ta zautu.

"Kawu Peni, ka san abin da ka ƙona?"

Ya ce takarda ce mana, a buhun ɓawon kwakwa ya same ta, kuma shekara talatin yana hura wutar umu bai taɓa samun abin kunna wuta mai kyau irinta ba, ashana ɗaya ta wadatar. Sai da ya ga idonta ya kawo ruwa sannan ya ajiye maficin.

Littafin bayolojinta ne. Gobe Litinin da ƙarfe tara za a rubuta jarrabawar gwamnati, wadda ake yi sau ɗaya a shekara, in kuwa ta faɗi bayoloji makarantar koyon jinya ta Nuku'alofa, babban birninsu, ba za ta ko buɗe takardarta ba. Ta haddace zuciya da ƙoda, ta haddace yadda iri yake tsirowa. Abu ɗaya ta yi ta jinkirtawa, wato zanen zagayen kabon, mai kibiyoyi takwas da suke rikita mata kai, ga shi malaminsu ya ce tambayar ba ta taɓa fashin fitowa ba. Manyan littattafan makaranta suna kulle a ofis. Wanda ta kwafa da hannunta shi kaɗai gare ta, yau ta ware don ta haddace shi, shi ne kuma yanzu yake zafafa duwatsu.

Kawu ya tambaye ta me ya kai littafi cikin buhu. Ta harare shi, don ya san amsar sarai. Duk ranar Asabar da faɗuwar rana Gwaggo Seluvaia, yayar babanta, takan karɓi littattafan makaranta ta ƙirga su tara, ta kulle a akwatin katako, ba a buɗewa sai Litinin. A gidanta karatun boko aiki ne, ba a kuwa aiki ranar Lahadi. Baban Kalo ma, da yake can New Zealand yana tsinkar tuffa, ba ya musu da Gwaggo ko a waya. Shi ya sa jiya Kalo ta cika ƙidayar da wani tsohon littafin lissafi, ta cusa na bayolojin a rumfar girki, inda Gwaggo ba ta taɓa taka ƙafa.

"Ai kin yi dabara," in ji Kawu. "Kin dai manta da ni ne."

"Kai ake mantawa da kai? Kai da in ka yi atishawa kajin maƙwabta suke watsewa?"

Ya sunkuyar da kai yana dariya ƙasa-ƙasa. Shi ƙanen uwa ne, kuma 'yar yayarsa tana da ikon ta faɗa masa abin da ta ga dama, ta ɗauke masa riga ko kaza ba tare da ya ce uffan ba. Ya ɗauki wayar ya tsoma a ruwa, ya cusa ta a cikin 'yar tabarmar ado da ya ɗaura a ƙugu bisa al'adarsu don kada kowa ya gani. Ya ba da shawarar ta aro littafin wata ƙawa. Kalo ta ce a tsibirin da mutum ba zai yi tari a wannan ƙarshen ba a yi masa sannu daga wancan ba, kafin ta dawo da littafin labari ya riga ta zuwa kunnen Gwaggo. Gobe da safe kuma, kafin ta yi tafiyar makaranta ta shiga layi, babu lokacin da zane mai kibiya takwas zai zauna mata.

Ta zauna kan kututture ta dafe kai. Kawu ya jawo abin kankare kwakwa ya hau, ya fara aiki, yana satar kallonta. Can ya ce ai ya ɗan duba wani shafi kafin ya yage shi, akwai saniya da bishiya da wasu kibiyoyi suna bin juna, shi ya ɗauka labarin farauta ne. Ya tambaya mene ne kabon ɗin ma, kuma ina yake zagayawa da har gwamnati ta damu da shi.

Ta amsa a gajarce, cikin fushi, cewa wani sinadari ne da yake cikin duk abin da yake da rai ko ya taɓa rai, har da takarda.

"To na littafinki yana ina yanzu?"

Ta ɗaga kai ta dubi hayaƙin da yake fita ta saman rumfa. Ta nuna da yatsan da ya ƙone. Ta ce ga shi can, ya zama iskar kabon, ƙonewa ke nan, kibiya guda ke nan ma daga cikin takwas ɗin.

Kawu ya ce to shi ke nan ya tafi, Allah ya kiyaye hanya. Ta ce bai tafi ba, bishiyar mei ɗin nan mai manyan 'ya'ya da ake gasawa, wadda take bayan rumfa, za ta zuƙe shi ta ganyenta, ta haɗa da ruwa da hasken rana ta yi abinci. Ya dakata da kankara. Ya ce a daina yi masa wasa da hankali, shi manomi ne, ya san ƙasa bishiya take ci. Kalo ta miƙe tsaye. Ta tambaye shi, in ƙasa take ci, ƙatuwar bishiya irin wannan, ina ramin da ta bari a gindinta? Ya leƙa bayan rumfa kamar zai ga ramin, ya dawo ya ce zai yi tunani a kai.

Daga nan gardama ta ɓarke, ita ce kuma ta cece ta. Kawu Peni mutum ne da ba ya yarda da komai sai an kai shi bango, duk abin da ya musa sai Kalo ta tono dalili daga can cikin kanta, abin da ba ta san ta riƙe ba. Suna naɗe nama da madarar kwakwa a ganyen gwaza don yin abincin da suke kira lu, suna musu. Wata aladiya ta zo tana kalar 'ya'yan mei da suka faɗo, Kalo ta ce ga ta uku nan, kabon ya bar tsiro ya shiga dabba. Kawu ya ɗaga ƙaton dutse da sanduna biyu yana nishi, ta ce ga ta huɗu, numfashin da yake fitarwa yana mayar wa iska kayanta.

"Wato ni ma ina cikin jarrabawar?"

"Kai ne a madadin saniyar, Kawu."

Ya ce ya gode da wannan girma, zai tuna da shi ranar rabon gado.

Ta biyar a bayan rumfa suka same ta, a tarin ɓawon ayaba da ganyen makon jiya da ya yi baƙi yana tururi. Ta ce ƙananan halittun da ido ba ya gani su ne suke cin matattun abubuwa, su ma suna numfashi. Kawu ya tambaya, wanda ya faɗa can ƙarƙashin laka fa, inda ba mai cinsa? Ta dubi jarkar fetur ɗin injin kwalekwalensa da take rataye a jikin gungume, sai ta tafa hannu. Wanda aka binne shekaru aru-aru shi ne yake zama mai da kwal, ta shida ke nan, in an ƙona shi kuma ya koma ta kibiyar farko. Kawu ya ce ashe da gawar kakannin kifi yake zuwa kamun jikokinsu, shi ya sa ba sa sonsa.

Ta bakwai shi ya ba ta ba da saninsa ba. Ya miƙo mata ƙaton ɓawon kawar da yake tace madarar kwakwa a ciki, ya ce wannan dai dutse ne, babu ruwansa da kabon ɗinta. Ta juya shi a hannu, ta tuna da shuɗin layin da ta ja a ƙasan shafin. Teku tana shan iskar, halittun ruwa su gina ɓawonsu da ita, har da murjanin da tsibirin kansa yake zaune a kai.

Bakwai. Ta ƙirga da yatsu, ta sake ƙirgawa. Ta san takwas ne, don ta tuna ranar da malam ya zana su a allo yana buga alli a kan kowace. Tana ganin wurin ta takwas a cikin kanta, can gefen hagu na shafin, amma ba ta ganin inda ta fito da inda ta nufa.

Ƙararrawar coci ta katse su. Kawu ya jera doya da rogo da ƙunshin lu a kan duwatsu, ya lulluɓe da ganyen ayaba da buhu, ya tura ƙasa a kai. Kalo ta ruga ta wanke tokar ƙafarta, ta sa farar riga, ta ɗauko wa Gwaggo maficinta da littafin waƙa.

A coci ba ta ji ko kalma ɗaya ta wa'azin ba. Tana zaune bayan Gwaggo tana motsa yatsu a cinya: ƙonewa, ganye, ci, numfashi, ruɓewa, binnewa, teku. Kullum a nan take cijewa. Daga layin maza Kawu ya waiwayo ya ɗaga mata gira, ta girgiza kai, ya koma ya ci gaba da waƙa da muryarsa da take kaɗa gilashin taga.

Bayan an taso aka buɗe umu, ƙamshi ya cika gida. Aka shimfiɗa ganyen ayaba a kan tabarma a barandar Gwaggo, ita ta zauna a sama, doguwar mace mai furfura, tana fifita a hankali. Kawu ya zo da kason farko, doya mafi kyau da lu mafi kauri, ya durƙusa ya ranƙwafa zai ajiye a gabanta. Nan wayar ta suɓuce daga ƙugunsa, ta faɗi a kan tabarma, ta gangara har ta taɓa gwiwar Gwaggo.

Gwaggo ta ɗauka da yatsu biyu. Ta dubi wayar, ta dubi Kawu, sannan ta dubi hannun Kalo da ya yi bororo.

"Penisimani, yaushe ka koma makaranta?"

Ya ce ranki ya daɗe ta ƙugiyar kifi ce. Ta ce a'a. Ya ce to ta tarkon ɓera ce. Ta ci gaba da kallonsa har gumi ya karyo masa. Kalo ta ga abin ba zai yi kyau ba, ta matso ta sunkuyar da kai ta faɗi gaskiya duka, tun daga tsohon littafin lissafi har zuwa buhu da ashana.

Gwaggo ta ajiye maficin. Ta ce wato an yaudare ta a cikin gidanta, an sa ta kulle littafin da ba shi ba, kuma tun safe ana karatu a rumfa ranar Lahadi. Kawu ya yi ƙarfin hali ya ce shi dai bai ga karatu ba, babu littafi, don shi da kansa ya tabbatar da haka, babu biro, hira kawai suka yi a kan hayaƙi da bishiya da aladiya, in hira a kan abin da Ubangiji ya halitta laifi ce to a fara da mai wa'azi.

"Kai yi mini shiru," in ji Gwaggo. Ta juya ga Kalo. "Maimaita mini hirar. Ni zan faɗa ko karatu ne."

Kalo ta gyara zama. Ta jawo doya ta ajiye a tsakiya ta ce wannan tsiro ne, ƙashin kaza ya zama dabba, kofin ruwa ya zama teku, sararin da yake sama da tabarma kuma iska. Ta fara a hankali, amma kafin ta kai ta uku bakinta ya saki. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana jan yatsa daga wannan zuwa wancan, Kawu yana gyaɗa kai kamar shi ya koyar da ita. Da ta kai bakwai ta tsaya. Ta ce saura ɗaya, ta ƙone da littafin.

Gwaggo ta daɗe tana duban tabarmar. Ta nuna ƙashin kaza da bakin mafici ta ce ta ga wannan yana karɓa yana mayarwa. Ta nuna doya.

"Ita wannan fa? Karɓa kawai take yi? Ba ta numfashi?"

Kawu ya yi dariya ya ce ina doya ta ga hanci. Gwaggo ta ce masa da bai sani ba da ya tambaya. Tana budurwa ta yi shekara huɗu tana aikin goge-goge a asibiti, kuma kowace yamma babbar nas takan sa su kwashe furannin da aka kawo wa marasa lafiya su kai waje, wai da dare suna numfashi kamar mutane, suna raba iska da majinyata. Ita ta sha ɗaukar tukwanen nan har bayanta ya sani.

Kalo ta ji kamar an kunna fitila a gefen hagu na shafin. Kibiyar daga bishiya ta fito ta koma sama, kusa da wadda ta sauko. Tsiro ma yana numfashi, dare da rana ma kuwa, sai dai da rana abin da yake zuƙa ya fi abin da yake fitarwa. Ta ja yatsa daga doya zuwa sama.

"Takwas, Gwaggo. Ita ce."

Gwaggo ta ɗauki maficinta. Ta ce ita ba ta koya wa kowa komai ba, labarin asibiti ta bayar. Sannan ta yanke hukunci: yaudarar da aka yi mata, daga ranar Talata Kalo za ta share harabar coci mako biyu, Penisimani kuma zai kwashe sharar, tunda shi ya iya ƙone-ƙone. Biro da takarda babu su sai gobe. Amma baki ba a akwati yake ba, kuma ita kunnenta ya fara nauyi, ba ta ji na tsakiyar da kyau ba, a sake faɗa mata daga farko.

Sau huɗu Kalo ta maimaita kafin a gama cin abinci. A na uku Gwaggo ta kama ta ta tsallake ruɓewa, a na huɗu ba ta yi tuntuɓe ko ɗaya ba, har ta juyo da su daga ƙarshe zuwa farko. Kawu ya cinye tsiron, ya tsotse dabbar, ya shanye tekun, ya ce a rubuta a jarrabawa cewa duk kibiyoyin a cikinsa suke ƙarewa. Gwaggo ta rufe baki da mafici, amma kafaɗunta sun tona ta.

Gari ya yi tsit irin na bayan abincin Lahadi, kowa yana neman inuwar da zai miƙe. Kalo tana tattara ganye, zuciyarta wasai, sai suka ji tarin injin kwalekwale daga bakin ruwa. Kawu ya ɗaga kai. Ba a tuƙi ranar Lahadi, ko gawa ce sai ta jira Litinin.

Ba a jima ba mai unguwa ya shigo harabar gidan, bayansa wata siririyar mata da ba su taɓa gani ba, tabarau a ido, siket ya jiƙe har gwiwa, ta rungume akwatin ƙarfe mai kwaɗo biyu a ƙirji. Mai unguwa ya gaida Gwaggo, ya ce wannan Malama Tilisa ce, mai sa ido a jarrabawar gobe. Tun jiya ya kamata ta iso ta sauka a gidan shugaban makaranta, injinsu ya mutu suka kwana a wani tsibiri, ga shi shugaban ya riga ya cika ɗakinsa da baƙi daga gidan surukansa. A duk garin kuma gidan nan ne kaɗai yake da ɗaki mai ƙofa da makulli.

Gwaggo, wadda ba a taɓa jin ta mayar da baƙo ba, ta ce gida nata ne, ta umarci Kalo ta karɓi kayan baƙuwa. Kalo ta miƙa hannu biyu. Matar ta ja da baya, ta ƙara ƙanƙame akwatin.

"Wannan ba mai taɓa shi sai ni. Takardun gobe ne a ciki." Ta gyara tabarau, ta dubi Kalo daga sama har ƙasa. "Mama, kafin in shiga, ina fata dai babu mai rubuta jarrabawa a gidan nan. Duk ɗalibin da ya kwana rufi ɗaya da akwatin nan, sunansa ya fita daga jerin masu rubutawa."